Yadda za a ƙera kumbon rakiya a labarin kimiyya har mai karatu ya yarda da shi

Tambaya daga wata marubuciya a Daura: Ina rubuta ƙagaggen labari na kimiyya da Hausa. A cikinsa akwai wasu kumbuna iri ɗaya da na sa wa suna Kusugu, aikinsu raka kumbunan dakon kaya daga duniyarmu zuwa duniyar Mars saboda 'yan fashi. Na ba kowanne tsawon kilomita 2 da mutum 500, yana bin ɓarayi a guje, kuma yana iya ɓuya ba a gan shi ba. Wani da ya karanta ya ce abin bai kama hankali ba. Ina gyaran yake?

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Wanda ya karanta miki ya faɗi gaskiya, amma ba sai kin rushe labarin ba. Inda aka samu tangarɗa shi ne kin zana kumbon kafin ki zana ayarin da zai raka. Kumbon rakiya ba shi ke zaɓar girmansa ko gudunsa ko makaminsa ba, abin da yake tsaro ne ke yanke masa su. Ki tuna ayarin fatake da ke fita daga Katsina ya nufi Agadas a zamanin da. Mai rakiya ba ya wuce takun raƙumin da ya fi kowanne kaya, kuma ran da ya hango ƙura ya sukwane ya bi ta ya bar ayari a buɗe, ɓarawo ya gama aikinsa tun bai zare takobi ba. A sararin samaniya wannan doka ta ma fi tsanani, kuma lissafi zai nuna miki dalili.

Tarihi ya riga ya ba mu samfuri. A Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya da Kanada sun ƙera ƙananan jiragen ruwa na rakiya kusan 300 a kan zane guda, na Birtaniya aka raɗa musu sunayen furanni. Tsawon kowanne kimanin mita 62 ne, gudunsa bai wuce kilomita 30 a awa ba, kuma asalin zanen daga jirgin masu farautar manyan dabbobin teku aka ɗauko shi, don ƙananan maƙera su iya yin sa da arha da sauri. Jirgin Jamus mai nutso in ya taso saman ruwa ya ɗan fi su gudu. Ba a yi su don su kamo shi ba. An yi su ne don su tilasta masa zama a ƙarƙashin ruwa har ayarin ya wuce. Ƙanana, masu yawa, masu arha, masu wahalar zama: irin wannan ne Kusugu ya kamata ya zama, ba birni mai kilomita 2 ba.

Mu fara da mai, domin shi ne uwar komai. A sararin samaniya babu iska, babu titi, babu abin da taya ko fiffike zai dafa. Kumbo ba ya ƙara gudu, ba ya ragewa, ba ya karkata, sai ya fesar da wani abu daga jikinsa. In aka kashe inji ba ya tsayawa, haka zai yi ta tafiya. Birki ma mai yake sha: a juya kumbon ya ba inda ya nufa baya, sannan a kunna inji. Shi ya sa injiniyoyi ba sa tambayar kilomita nawa kumbo ke yi a awa. Abin da suke tambaya shi ne jimillar canjin gudun da tankinsa zai iya biya kafin ya ƙafe. Bari mu kira shi guzurin gudu. Wani malamin makaranta ɗan Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya wallafa lissafinsa tun 1903. In kina son guzurin gudu daidai da saurin abin da injin ke fesarwa, kashi 63 cikin 100 na nauyin kumbon dole ya zama mai. In ninki biyu kike so, kashi 86. Ninki uku, kashi 95. Dalilin wannan hauhawa shi ne man da za a yi amfani da shi gobe, a yau kaya ne da sai an tura shi.

Injin roka mafi kyau a yanzu, mai ƙona haidurojin da oksijin, yana fesarwa da kimanin kilomita 4.4 a sakan. Injin nukiliya mai gasa haidurojin ya fesar da shi, irin wanda Amurka ta gwada a ƙasa a shekarun 1960 ƙarƙashin shirin NERVA, yana kai wa kimanin kilomita 8. Injin lantarki irin na kumbon Dawn da aka harba a 2007 yana kai wa kilomita 30, sai dai turinsa bai wuce nauyin giram 9 a tafin hannu ba. Wannan ya dace da mai dakon kaya da ba ya gaggawa, bai dace da mai rakiya da za a ce masa matsa yanzu ba. Ni dai na nukiliya zan ba Kusugu.

To ga adadi. A ce nauyin Kusugu ba mai tan 400 ne, kusan nauyin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Barin falakin duniya a nufi Mars yana cin kimanin kilomita 3.6 a sakan, taka birki a shiga falakin Mars kimanin 2.1, da 'yan gyare-gyaren hanya a ce 6. Wannan kowane kumbo a ayarin zai biya. Mai rakiya kuwa yana buƙatar rara don aikinsa, a ba shi 2, ya zama 8. Da injin nukiliya, tan 400 ɗin nan zai buƙaci mai kimanin tan 690. Da babu rarar, tan 450 ya isa, wato rarar kaɗai ta ci tan 240. Da injin ƙonawa na yau ne, sai ya haura tan 2,000. Kuma haidurojin mai ruwa ba shi da nauyi, kilo 71 ne kacal a cikin mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi. Tankin da zai ɗauki tan 690, in faɗinsa mita 10 ne, tsawonsa zai haura mita 120. Ga siffar Kusugu ta fito da kanta: dogon tanki, ɗakin mutane a goshi, inji a can wutsiya, duka-duka mita 150 zuwa 170.

Yanzu ki dubi abin da bin ɓarawo ke ci, don nan ne zuciyar labarinki take. A ce Kusugu ya bar ayari da gudun mita 500 a sakan. Sau huɗu zai biya: ya tashi, ya tsaya a can, ya taso ya dawo, ya sake tsayawa daidai da gudun ayari. 500 sau huɗu, kilomita 2 a sakan. Rarar ta ƙare ƙaf a fita ɗaya. Kuma ina ya je? A yini guda cikakke ya yi kilomita 43,200, kimanin kashi ɗaya bisa tara na nisan wata. Bayan nan akwai sauran watanni a hanya, domin tafiyar da ta fi arhar mai tana ɗaukar kimanin kwana 260, kuma ba shi da abin da zai sake motsawa da shi sai man birki, wanda in ya taɓa shi zai wuce Mars ya ɓace. Ɗan fashi mai hankali ya san wannan lissafi. Ba zai tari Kusugu gaba da gaba ba. Zai aiko da kiran neman agaji na ƙarya, ko wani tsohon kumbo marar kowa a ciki, don kyaftin ya ƙone rararsa, sannan ya zo da gaske bayan mako uku. Ki buɗe shafi guda a littafin aikinki ki rubuta guzurin gudun kowane kumbo, duk babin da aka kunna inji ki cire. Mai karatu ba zai ga shafin ba, amma zai ji nauyin kowace shawara.

Batun ɓuya kuma, ki cire shi. Sararin da ke bayan kumbo sanyinsa ya kai digiri 270 ƙasa da sifili, ɗakin da mutane ke zaune kuwa yana kan digiri 20 da wani abu, ga injin nukiliya a wutsiya. Na'urar hangen zafi tana tsinto irin wannan daga nesa ƙwarai, kuma da zarar an kunna inji, mai kallo zai iya auna inda kumbon ya dosa da ranar isarsa. Ɗan fashi ma lissafin Tsiolkovsky ya ɗaure shi: kafin ya hau kumbon kaya sai ya daidaita gudunsa da nasa, kuma wannan mai ne mai yawa da kowa zai gani. Shi ya sa hari zai fi faruwa kusa da tashi ko kusa da isa, inda kumbuna suka yi cunkoso, ko kuma ɓarawon yana cikin ayarin tun farko da takardun bogi. A wannan duniya ba jiki ake ɓoyewa ba, niyya ake ɓoyewa. Ki ba Kusugu jami'in da aikinsa kwatanta nauyin da kumbo ya rubuta a takarda da yadda yake motsi in ya kunna inji. Wanda ya ce hatsi tan 900 ya ɗauko amma yana zabura kamar fanko, akwai magana.

Abu na biyu da marubuta ke mantawa shi ne zafi. Tunda babu iska ko ruwa a waje, zafin da kumbo ya tara ba shi da hanyar fita sai ta lagireto, wato faffaɗan faifai da ke fitar da shi a matsayin haske marar ganuwa. Fararen fikafikan da ake gani a jikin tashar ƙasa da ƙasa, ba na sola ba, su ne wannan, amoniya ke zagayawa a cikinsu, suna zubar da kimanin kilowat 70. Mita ɗaya tsawo da faɗi na lagireto a kan digiri 27 ba ya fitar da fiye da wat 460 a kowace fuska. A ce makamin leza na Kusugu, wato mai harba haske mai ƙuna, yana harba megawat 1, yana barin megawat 2 na zafi a cikin jiki. Zubar da wannan zai buƙaci faifai mai fuska biyu na kimanin murabba'in mita 2,200, kusan sulusin filin ƙwallo. Abu mai wannan faɗi kuma marar kauri shi abokin gaba zai fara nema. Mafita ita ce a naɗe lagireto kafin faɗa, a riƙa zuba zafin cikin ƙanƙara. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shan kilojul 334 kafin ya narke, don haka megawat 2 na narkar da kilo 6 a kowane sakan. Tan 10 na ƙanƙara zai ba ki minti 28. Bayan nan ko a daina harbi, ko a buɗe lagireto a gaban abokin gaba, ko na'urori su fara mutuwa mutane su biyo baya. Wannan agogo na minti 28 ya fi duk wata garkuwar sihiri amfani ga marubuci.

Makamai kuwa, gudu ne makami. Kilo ɗaya na ƙarfe da ke tafe da kilomita 3 a sakan yana ɗauke da ƙarfi kusan daidai da kilo ɗaya na nakiyar TNT. A kilomita 10 a sakan ya zama kamar kilo 12, kuma zai shafe tazarar Katsina zuwa Daura, kimanin kilomita 80, cikin sakan 8. A Fabrairun 2009 tauraron ɗan'adam na Iridium 33 ya yi karo da mataccen tauraron Rasha Kosmos 2251 a gudun da ya haura kilomita 11 a sakan, duka biyun suka zama dubban tarkace. Sulke mai kauri ba ya maganin wannan. Abin da ake yi, tun shawarar masanin taurari Fred Whipple ta 1947, shi ne a sa siririn faifai nesa kaɗan da bango, ƙaramin abu in ya buge shi ya tarwatse ya zama ƙura kafin ya isa bangon. Yana tare tsakuwa, ba ya tare babban abu.

Harsashi marar linzami ba shi da amfani daga nesa. In aka harbo shi daga kilomita 1,000 da gudun kilomita 3 a sakan, sai ya yi minti biyar da rabi a hanya, kuma ɗan turi kaɗan ya isa kumbo ya kauce da ɗaruruwan mitoci. Saboda haka makami mai linzami ne abin tsoro, kuma ainihin aikin Kusugu shi ne kakkaɓo shi kafin ya kai ga kumbon kaya. Ga inda ake kuskure: makamin da aka fasa ba ya faɗuwa ƙasa, domin babu ƙasa. Tarkacensa na ci gaba da zuwa a kan layi ɗaya da gudu ɗaya. In an fasa shi kusa, an mayar da harsashi ɗaya ya zama ɗari. Dole a tare shi da nisa, ko a makantar da idonsa da leza sannan ayari ya gusa. Kuma bindiga tana tura mai harba ta baya. Tarayyar Sobiyet ta taɓa ɗaura bindiga a tashar Salyut 3 ta gwada ta a 1975, a kafe take, sai an juya tashar gaba ɗaya kafin a saita.

Mutum 500 ɗin nan, ki rage su zuwa 16. Ɗan sama jannati na cin abinci kimanin kilo 1.8 a rana har da ledarsa, yana shaƙar oksijin kilo 0.84, yana fitar da gurɓatacciyar iska kusan kilo 1. Mutum 500 a kwana 260 abincinsu kaɗai tan 234 ne, fiye da rabin nauyin kumbon ba mai. Mutum 16 kuwa tan 7 da rabi. Su kasu kashi uku suna karɓa-karɓa, kuma mafi yawansu kanikawa ne, ba mayaƙa ba. Sai ki bar gurbi ga waɗanda za a ceto, domin ceto na cikin aikin mai rakiya, kuma abin da ke iyakance shi ba wurin kwana ba ne, na'urar tace iska ce. A Afrilun 1970, da tankin oksijin na Apollo 13, kumbon Amurka da ya nufi wata, ya fashe, mutum uku suka koma ƙaramin kumbon da aka yi don mutum biyu na kwana biyu, suka yi kusan kwana huɗu a ciki. Gurɓatacciyar iska ce ta fara yi musu barazana, ga matatun babban kumbon masu kusurwa huɗu ne, ramin ƙaramin kuma zagayayye, sai da aka haɗa da leda da kwali da salatif.

Tsarin jikin kumbon ma yana haifar da dokokin tafiya. Ba za a iya kewaye injin nukiliya da garkuwa ta ko'ina ba, nauyin ya yi yawa. Faifai ɗaya mai kauri ake sawa tsakaninsa da mutane, ya yi musu inuwa. Duk wanda ke gefe ko baya yana shan tururin nukiliya. Don haka Kusugu ba ya juya wa kumbon kaya wutsiya a kusa, ba a matso shi sai ta goshi, kuma ranar birki, da kowa zai juya, sai an tsara wa zai tsaya ina. Ga kuma guguwar rana, wato feshin tururi mai cutarwa da rana ke yi: irin wadda ta taso a Agustan 1972, tsakanin Apollo 16 da Apollo 17, tana iya kwantar da mutum in ba shi da mafaka. A yi ƙaramin ɗaki a tsakiya, a kewaye shi da tankunan ruwan sha da buhunan abinci, mutum 16 su cusu a ciki yini ɗaya ko biyu. A lokacin na'urorin hange ma suna rikicewa, kuma ɓarawo ya san haka. Rashin nauyi kuma yana cin ƙashi, kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 a wata. In kumbon yana wulwulawa kai da wutsiya sau 4 a minti, wanda ke mita 56 daga tsakiya zai ji nauyinsa kamar a ƙasa, sai dai dole a tsayar da wulwulawar kafin a kunna inji ko a yi saiti.

Tunda mutanenki Hausawa ne, mai karatu zai tambayi salla. Akwai abin dogaro: a 2007 Sheikh Muszaphar Shukor ɗan Malesiya ya je tashar ƙasa da ƙasa cikin Ramadan, inda rana ke fitowa sau 16 a yini, malaman ƙasarsa suka fitar da jagora cewa ya bi lokutan wurin da aka harba shi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko.

Abin da ke lalacewa a zahiri ba shi da ƙayatarwa, famfo ne da bawul da waya. Haidurojin ba ya zama ruwa sai a digiri 253 ƙasa da sifili, kuma man birki sai ya jira wata takwas da rabi a haka. In na'urar sanyaya tanki ta tsaya, mai zai riƙa tafasa a hankali, dole a buɗe bawul a sake shi kada tanki ya fashe, kullum guzurin gudu na raguwa ba wanda ya harbi kowa. A Disamban 2022 ɗan ƙaramin rami a lagireton kumbon Rasha Soyuz MS-22 ya zubar da ruwan sanyinsa, sai da aka aika wani kumbon ya dawo da mutanen. A Yunin 1997 kumbon kaya na Progress ya bugi tashar sararin samaniya ta Rasha, Mir, wajen gwajin haɗewa, ya huda ɗakin Spektr, aka yanke wayoyin da suka ratsa ƙofa kafin a iya rufe ta. Mu ma nan mun gani: tauraron sadarwar Najeriya NigComSat-1 da aka harba a 2007 ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar fikafikan sola, sai a 2011 aka maye gurbinsa. Kuma duk wanda ya lalace a hanya ba shi da wanda zai kira ya ji amsa nan take. Saƙo tsakanin duniya da Mars na ɗaukar minti 3 zuwa 22 a zuwa kaɗai, ayarin gaba kuma sai bayan wata 26, lokacin da duniyoyin biyu za su sake daidaita. Kyaftin ɗin Kusugu shi kaɗai zai yanke ko a tsaya wa kumbo ɗaya ko a tsare goma sha ɗaya.

Sunan da kika zaɓa ya yi daidai da al'adar jiragen ruwa, inda na farko ke ba sauran sunansa. Kusugu ya zama na fari, 'yan'uwansa su ɗauki sunaye daga gida ɗaya, misali ƙofofin Katsina: Guga, Sauri, Ƙaura, Marusa, Durɓi, Ƙwaya, 'Yanɗaka. Sannan ki ba zanen aibi guda da kowa ya sani. Jiragen furannin nan na farko gabansu gajere ne, ruwa na shiga ko'ina, sai daga baya aka tsawaita shi, wasu aka gyara, wasu suka daɗe suna aiki a haka. A naki, a ce huɗun farko famfon sanyaya tanki ɗaya gare su, na baya aka sa musu biyu aka ƙara ƙanƙara daga tan 10 zuwa 15, abin da ya mayar da minti 28 ya zama 42 amma ya ɗan rage musu rarar gudu saboda ƙarin nauyi. Masu kaya za su riƙa tambayar wane ne zai raka su kafin su biya kuɗin inshora, kanikawa kuma za su riƙa roƙon kada a tura su Marusa har sai an sa masa famfo na biyu.